Ɗakin tazarar haihuwa a asibitocin unguwa na Katsina: kayan sun yi, amma ba amarya aka shirya wa ɗakin ba

Kusan kowane asibitin sha-ka-tafi na gwamnati a birnin Katsina, daga wajen Ƙofar Ƙaura har zuwa Ƙofar Sauri, yana da ɗaki ko lungu da aka ware wa tazarar haihuwa. Wani wurin akwai alamar koren ɗigon nan da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da ita a 2017, wani wurin kuma sai an yi tambaya ƙasa-ƙasa kafin a nuna ƙofar. Wannan ɗaki za mu auna. Ba kuma da idon matar da ta haifi shida ta zo neman hutu za mu dube shi ba, don ita ta san hanya, bakinta a buɗe yake, babu mai ɗaga mata gira. Da idon yarinya 'yar shekara 17 ko 18 za mu duba, wadda ta yi haihuwar fari, mijinta ɗan acaɓa ne ko ɗan ga-ruwa, uwar mijinta na gida ɗaya da ita, kuɗin cefane kuma sai an fita ake samo su.

Kayan da ke cikin ɗakin masu inganci ne, irin waɗanda ake aiki da su a ko'ina a duniya, kuma yawancin ma'aikatan hannunsu ya faɗa. Inda ake faɗuwa shi ne kuɗin da ba a faɗa tun farko, da rashin sirri, da bayanin minti biyar da ake tsallakewa saboda tsawon layi. Waɗannan kuwa yarinya marar hali suka fi dokewa, kuma irinta ba ƙalilan ba ne a nan. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jihar Katsina na haihuwar 'ya'ya 7.3 a matsakaicin lissafi, adadi mafi yawa a Najeriya, lokacin da na Legas yake 3.4. A ƙasar baki ɗaya, kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da ciki, kuma a Arewa maso Yamma abin ya zarce haka nesa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga na 2019 kuma sun sa fiye da rabin mutanen jihar a ƙasan layin talauci.

Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Haka yake a ƙa'ida: ashana (wato 'yar sandar roba da ake sa wa mace a ƙarƙashin fatar damtse), allura, ƙwaya, robar mahaifa, kwaroron roba, ba na sayarwa ba ne. Sai dai ashana ba ta shiga hannu ita kaɗai. Sai da safar hannu, da auduga, da ruwan wanke fata, da sirinji, da allurar kashe zafi, da filasta, wani lokaci da tsinken gwajin ciki, ga kuma kuɗin kati. In asibitin na cikin masu samun kuɗin asusun Gwamnatin Tarayya na kula da lafiya a matakin farko, kuma mai riƙe da shi ya ware wani abu don waɗannan tarkacen, ana iya gama komai ba ko sisi. In ba haka ba, sai a rubuta 'yar takarda a ce a je kemis ɗin bakin asibiti a sayo. Ga matar ma'aikaci kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Ga wadda ta yi kwana uku tana ɓoye canjin cefane kafin ta haɗa na Keke Napep zuwa da dawowa, wannan takarda ita ce ƙarshen zance. Za ta ce bari ta je ta dawo, ba za a sake ganinta ba sai ranar awon ciki. Asibitin da ya rubuta a bango abin da yake kyauta da abin da za a saya, da farashinsa, ya fi sauran adalci ko da yana karɓar kuɗi, don aƙalla mace ta san abin da za ta ƙulla a bakin zani kafin ta fito.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin hanya ya shiga cikin lissafin zaɓen hanyar tazara, kuma ma'aikata kaɗan ne ke yi wa mace wannan lissafi. Allurar wata uku sau huɗu ake zuwa yin ta a shekara, wato sau 12 a shekara uku. Ta wata biyu kusan sau 20. Ashana kuwa zuwa biyu ce, ranar sawa da ranar cirewa. Kowace fita kuma ba kuɗi kaɗai take ci ba. Tana cin izinin maigida, tana cin "ina zuwa kuma yau?" daga ɗakin Inna.

A kan benci

A yawancin waɗannan asibitoci benci ɗaya ake zama da masu awo da masu rigakafin yara. Wannan yana da amfani babba da ba a cika lura da shi ba. Rigakafin jariri na mako 6 yana faɗowa ne daidai da gama arba'in, lokacin da mai jego ke shirin komawa ɗakinta, kuma fita ce da babu mijin da zai yi wa tambaya. Akwai na mako 10, da na mako 14, da na ƙyanda a wata 9. Duk asibitin da ya san aikinsa, a kan wannan benci yake kama matasan iyaye: a ɗiga wa yaro, a yi masa allura, a ce da uwar ta leƙa ɗakin can kafin ta tafi. Inda kuma aka ware wa tazara ranarta daban, an yi wa yarinya tarko, don duk wanda ya gan ta a ranar ya san abin da ya kawo ta.

Aibin bencin shi ne cike yake da maƙwabta. Ana kiran suna da ƙarfi, labule ne kawai tsakanin teburin malama da kunnen jama'a, ita ma malamar watakila 'yar unguwar ce. Ga irin abin da ake jiyowa daga bayan labulen:

"Ɗiyata, haihuwa nawa?"

"Ɗaya, Malama."

"Ɗaya tal? Ke da yanzu kika fara, wace gajiya kika yi da za ki huta? Shi maigidan ya sani?"

Daga nan yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, duk abin da aka ce sai ta ce to. Malamar ba mugunta take nufi ba, abin da ta taso ta ji ke nan. Amma a likitance ba ta da hujja. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙarancin shekaru ko rashin yawan haihuwa ba sa hana mace ashana, allura, ƙwaya ko roba. Shawararta kuma a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wata 6 bayan ɓari. Sanin maigida abu ne mai kyau, ya fi kawo zaman lafiya, kuma ya kamata a taimaka wa yarinya ta san yadda za ta ɗauko masa maganar. Amma ba gwajin asibiti ba ne da za a ce sai an ga sakamakonsa. Amaryar da ba ta taɓa haihuwa ba ma ta fi shan kora, alhali 'yar shekara 15 da za a jinkirta wa cikin fari har jikinta ya yi ƙwari ita ta fi kowa cin riba. Wanda ya san asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga ya san su wa doguwar naƙuda ke kaiwa can: 'yan ƙauye, marasa hali, da yawansu a haihuwar fari.

Malamar da ta ƙware da wata tambaya take buɗe baki: "Sannu da goyo, ɗiyata. Yaushe kike so ki yi mashi ƙane?" Amsar ita ke zaɓen hanya. Mai cewa baɗi ba a ba ta abin da ake ba mai cewa sai ya shiga makaranta.

Kuskure na biyu da ya zama ruwan dare shi ne "je ki, sai kin ga jini ki dawo". Mai shayarwa na iya yin wata takwas ko shekara ba ta ga al'ada ba, kuma ƙwai na iya fita kafin jinin farko ya bayyana. A wannan jiran ake yin kwanika. Akwai tambayoyi shida da aka koya wa kowace ma'aikaciya don ta tabbatar babu ciki ba tare da jiran jini ba: ko jaririn bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha, al'ada kuma ba ta dawo ba; ko ba ta sadu da miji ba tun haihuwa ko tun al'adar ƙarshe; ko haihuwar ba ta wuce mako 4 ba; ko al'ada ta fara cikin kwana 7 da suka wuce; ko ta yi ɓari cikin kwana 7; ko dama tana kan wata hanya ba fashi. In amsa ɗaya ta zama e, kuma babu alamar ciki, a ranar ake farawa. Abin da bai kamata a tsallake ba kuwa shi ne awon jini. Mai hawan jini da ya kai 140 bisa 90 ba a ba ta ƙwaya mai sinadari biyu, in ya kai 160 bisa 100 allura ma an bar ta. A kuma tambaya ko tana shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, don rifampicin da carbamazepine da phenobarbital suna rage wa ashana da ƙwaya ƙarfi, amma ba sa taɓa allurar wata uku.

Ashana

Ga matashiyar uwa marar hali, a ganinmu ashana ce ta fi komai a wannan ɗaki. Cikin mata 100 da suka sa ta, wadda za ta ɗauki ciki a shekara ba ta kai ɗaya ba, alhali a yadda mutane ke amfani da su yau da kullum allura na kuskure wa kusan 4, ƙwaya 7, kwaroron roba 13. Implanon sanda ɗaya ce, shekara 3. Jadelle sanda biyu, shekara 5. Ba ta taɓa ruwan nono, ana iya sa ta tun kafin a sallami mai jego, kuma tun 2014 aka yarda ƙananan ma'aikatan lafiya da aka horas su riƙa sa ta, ba sai likita ba.

Sawar ba ta da tsawo. Mace ta kwanta rigingine, ta lanƙwasa hannun da ba ta cika aiki da shi ba, tafin na kusa da kunne. A auna santimita 8 zuwa 10 sama da ƙashin gwiwar hannu ta ciki, a wanke wurin, a bari ya bushe, a yi allurar kashe zafi a ƙarƙashin fata. Ita ce kaɗai ke da raɗaɗi. Sai a ɗaga fatar da bakin allurar sawa, a tura ta a kwance daf da fata, ba cikin tsoka ba, a ja maɓalli, sandar ta zauna. Kafin a rufe, malama ta kama yatsan yarinyar ta ɗora a wurin, ta ji sandar da kanta. Wannan ɗan taɓawar ita ke kashe jita-jitar cewa ashana na yawo a jiki har ta kai zuciya. Wadda aka sa daidai tana nan inda aka ajiye ta. Bandejin matsi yini ɗaya ne, filasta kwana 3 zuwa 5, kuma kar ruwa ya jiƙa wurin, abin da mai wankan jego ke bukatar a faɗa mata ƙarara. In ba cikin kwana 7 na farkon al'ada aka sa ba, kuma shayarwa ba ta kare ta, sai a ƙaurace ko a sa kwaroro na kwana 7.

Inda ake ɓata ashana shi ne maganar jini. Kusan mace ɗaya cikin biyar al'adarta na ɗaukewa gaba ɗaya, wata ɗaya cikin biyar kuma jinin na yawan zuwa ko ya daɗe, sauran ɗigo-ɗigo ba tsari, musamman a watannin farko. A asibiti ana ɗaukar wannan ƙaramin abu tunda ba ya cutarwa. A gidan Bahaushe ba ƙarami ba ne. Ɗigon jini yana nufin ba ta san ko za ta yi salla ba, ba ta san matsayin azuminta ba, miji ya fara tsaki, uwar miji kuma ta lura buta ba ta motsa ba. Wadda aka ɓoye wa wannan a ranar sawa, cikin wata uku za ta dawo a cire, kuma za ta gaya wa duk facalolinta cewa abin ciwo ne. Gara a faɗa mata tun farko, a kuma faɗa mata akwai magani: ibuprofen ko mefenamic acid na kwana 5 bayan cin abinci, ko ƙwayar tazara mai sinadari biyu ta kwana 21 in lafiyarta ta yarda, duk bisa umarnin ma'aikaciya. A ɓangaren ibada ma akwai mafita da 'yan Islamiyya suka sani. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, mai al'ada sananniya kuma kwana 3 take ƙarawa a kan kwanakinta, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Ma'aikaciyar da ta iya cewa "wannan ki tambayi malamarku ta Islamiyya, akwai hukuncinsa" ta ceci ashanar da dama daga cirewa. Wadda jininta ya ɗauke kuma a gaya mata ba taruwa yake a ciki ba, bangon mahaifar ne bai yi kaurin da zai zubar ba.

Cirewa ita ce raunin da ya fi ba mu haushi. Ana sa ashana kyauta a gangamin unguwa, ranar cirewa sai a ce ba kayan aiki, ko mai iyawa ba ta nan, ko a kawo kuɗi, ko kuma "ai ba ta yi shekara ba, ki yi haƙuri". Mace na da haƙƙin a cire mata ranar da ta so, ko da dalilinta bai gamsar da kowa ba. In an sa ta daf da fata, aikin 'yan mintoci ne da ƙaramar tsaga. In an nutsa ta cikin tsoka har ba a jin ta da yatsa, kar a yarda a yi ta tono. A tura ta babban asibiti a duba da na'ura. Duk mai shirin sawa ta tambaya tun kafin a taɓa ta: a ina ake cirewa, kuma nawa ne?

Allura kuwa mata na yawan neman ta, kuma dalilin a fili yake: ba ta barin shaida. Depo-Provera duk mako 13, Noristerat duk mako 8. Abin da ake yawan ɓoye wa matasa shi ne haihuwa ba ta dawowa nan take in an daina. Da Depo, a matsakaici sai kusan wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu ma fiye. Ba ta hana haihuwa har abada, amma amaryar da dangin miji ke ƙirga wa watanni, wata goma na jira na iya jawo mata kishiya. Don haka mai son ciki baɗi ba allura ta dace da ita ba. Ashana da roba da ƙwaya, da an daina jiki ke komawa yadda yake. Ana kuma iya ƙara kilo 1 zuwa 2 a shekara.

Sayana Press ta cancanci yabo na musamman, don ita ce ta zo daidai da matar kulle da mai nisan gida. Maganin Depo ne a ƙaramin ma'auni, cikin 'yar leda mai haɗe da gajeriyar allura, kuma an yarda mace ta koya ta riƙa yi wa kanta a gida. A duba ranar lalacewa, a girgiza da ƙarfi daƙiƙa 30, a tura murfin allurar ya haɗe da wuyanta har ratar da ke tsakani ta rufe, a cire murfin, a tsunkuli fatar ciki nesa da cibiya ko ta gaban cinya, a soka, a matse ledar a hankali daƙiƙa 5 zuwa 7, kar a murza wurin. Kurakuran da aka fi yi biyu ne: mantawa da rufe ratar, sai a yi ta matsa ba abin da ke fita, da matsewa da gaggawa har maganin ya biyo baya. Ajiya ma sai an kula. Ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, a Katsina kuwa watan Afrilu kan haura 40, balle a ɗakin kwano. Kar a sa ta a saman sif ko jikin taga; ƙasa-ƙasa a inuwa, kusa da randa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Allurar da aka gama da ita a jefa cikin gora mai murfi a mayar asibiti. Matsalar ita ce koyarwar na cin lokaci, malamar da ke da mata arba'in a waje kuwa gara ta soka da kanta ta kira ta gaba.

Ƙwaya ba ta cika yi wa yarinyar da ke ɓoyewa daɗi ba, don kullum ce, kuma katin na iya faɗowa daga ƙarƙashin katifa. Mai shayar da jaririn da bai kai wata 6 ba Microlut mai sinadari ɗaya ko irinta ake ba ta, ba Microgynon mai sinadari biyu ba, ita Microlut ɗin kuma in an makara fiye da awa 3 ta fara sakin aiki. Da azumi a tsayar da lokaci ɗaya, ko sahur ko bayan shan ruwa. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10 zuwa 12, ba ta da sinadarin da ke taɓa jiki, ana sa ta cikin awa 48 da haihuwa ko bayan mako 4. Amma tana ƙara yawan jinin al'ada a watannin farko, abin dubawa ga mai ƙarancin jini, kuma a ɗakin da labule ne ƙofarsa 'yan mata kaɗan ne za su yarda su kwanta. Shayarwa kuwa hanya ce ta gaske, sai dai da sharuɗɗa uku a tare: ƙasa da wata 6, ba al'ada, nono zalla dare da rana. Da an fara ɗura wa jariri ruwa da koko yana rage tsotso, to a daina dogaro da ita.

Gida da majalisa

Abin da ke hana yarinya zuwa, ko ya sa ta daina, yawanci ba a asibiti yake ba. Uwar miji da ta haifi goma ba allura tana ganin lalaci ne. In akwai kishiya, haihuwa ta zama gasa, don yawan 'ya'ya shi ne kaso a gado kuma shi ne gindin zama. Talaucin da ake zaton zai sa a nemi tazara shi ne kuma ke sa a ƙi ta: inda yara ke mutuwa da tamowa da zazzaɓi, inda ɗa shi ne mai taya noma kuma shi ne fanshon tsufa, ba a yi wa mutum wa'azin rage haihuwa. Shi ya sa ma'aikaciyar da ta buɗe da "ku duba tsadar rayuwa" ta riga ta faɗi, don nan take za a karanto mata ayar da ta hana kashe 'ya'ya saboda tsoron talauci. Wadda ta tsaya a kan lafiyar uwa da cika wa yaro shayarwarsa ta shekara biyu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, ta tsaya inda malamai da yawa suka tsaya, suna kafa hujja da hadisin Jabir a kan azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje. Kuma dama can Bahaushe ya san tazara. Zuwa goyo gidan iyaye da gorin da ake yi wa mai kwanika duk ita ce. Abin da ya canza shi ne saurayin da ke haya a ɗaki ɗaya da mace ɗaya ba zai yi ƙauracewar da kakansa mai mata uku ya yi ba.

Shi wannan saurayin kuwa ɗakin bai san da zamansa ba. Ba kujerarsa, ba lokacinsa, in ya rako matarsa a gindin bishiya yake tsayawa. Iliminsa daga majalisa da teburin mai shayi yake samo shi, inda ake cewa allura na ƙone mahaifa. Inda ake da ma'aikaci namiji da zai zauna da shi minti goma, ko mai unguwa da liman da aka fahimtar, sau da yawa shi da kansa yake ɗauko ta a bayan babur.

Akwai kuma waɗanda ba a son ambata: zawarawa 'yan shekara 19 da 20, da 'yan matan da ba su yi aure ba, da 'yan talla da wani ya yaudara, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga yankunan Batsari da Jibiya suka rakuɓe a kangwayen bayan gari. Ɗakin gwamnati a aikace a rufe yake gare su. Kemis suke zuwa bayan magariba, ko su aiki yaro da takarda. Kemis ya fi asibiti sirri da sauri, ba ya tambayar miji, amma a nan alherinsa ya tsaya. Ba ya awon jini, ba ya tambayar ranar al'ada, kayansa na kwance a shagon da ya yi zafi kamar tanda, kuma ba kowane mai kemis aka horas ya yi allura ba. Cikin abin da yake yawan sayarwa akwai ƙwayar Postinor-2 da 'yan uwanta. Ta gaggawa ce, a sha da wuri-wuri cikin awa 72, tana jinkirta fitar ƙwai ne, ba ta zubar da cikin da ya shiga, ba ta kuma kare saduwar da za ta biyo baya. Mai shan ta duk mako tana kashe kuɗin da suka fi na kowace hanya, ga rikicewar al'ada, ga kariya mai rauni. An sha kama jabunta a Najeriya, don haka a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kwaroron roba shi kaɗai ke kare cutar sanyi da ƙanjamau, amma wanda ya kwana biyu a ƙarƙashin sirdin babur ya gama lalacewa, man shafawa irin basilin kuma yana cinye robar. 'Ya'yan zurma da wasu ke haɗiya a ƙauye kuwa guba ne a cikinsu, ba su da ma'auni.

Yankewar kaya

Abu na ƙarshe da ke rage wa wannan ɗaki maki shi ne ba kullum ake samun abin da aka zo nema ba, kuma tun da Amurka ta datse tallafinta na lafiya a farkon 2025 ba a sa ran abin ya yi sauƙi. A cikin birni ana iya gwada wani asibitin, ko a nufi manya irin asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. A ƙauye in babu, babu ke nan. Abin da ya kamata mace ta sani shi ne allurar Depo ko Sayana na da rangwamen mako 4 bayan ranar da aka rubuta, Noristerat mako 2. In cikin wannan rangwame ta zo, a yi mata kawai, ba gwaji ba jiran jini. In ta wuce, a bi tambayoyin nan shida, a yi allurar, ta kiyaye kwana 7.

Inda ake yawan samun "cikin allura" shi ne wajen musanya. An saba yi wa mace ta wata uku, yau babu, sai a yi mata ta wata biyu ba a gaya mata ba, ita kuma ta ci gaba da lissafin wata uku a kanta. Mako 13 da ta jira ya zarce mako 10 da Noristerat ke iya kaiwa har da rangwamenta. Don haka kafin ta tashi daga kujera ta tambayi sunan abin da aka yi mata, a rubuta shi a kati tare da ranar dawowa. In ba ta karatun boko, a ƙirga mata da watan Musulunci ko da yawan Juma'o'i: takwas ga ta wata biyu, goma sha uku ga ta wata uku. In kuma katin ba zai iya shiga gida ba, a bar shi a asibiti, a rubuta ranar a bayan katin rigakafin yaro.